Rigakafin Yara: Mu Yi Tambaya, Mu Kuma Tsaya Mu Ji Amsa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:



A farkon watan Disamba na shekarar 2024 aka fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a jihohin Kebbi da Bayelsa, da niyyar faɗaɗa ta zuwa sauran jihohin Nijeriya daki-daki. Wannan allura ta zo ne a sahun wasu sababbi da aka riƙa shigarwa cikin shirin rigakafin yara na ƙasa. A 2012 an kawo allurar nan mai maganin cututtuka biyar a haɗe, a 2014 ta namoniya, a 2015 ta shan inna wadda ake yi da allura ƙari a kan ɗigon baki, a 2022 ta gudawar jarirai, a 2023 ta sankarar bakin mahaifa, sannan a 2024 sabuwar ta sanƙarau.

Duk lokacin da aka kawo sabuwa, kafin ma'aikacin lafiya ya iso unguwa, saƙon murya ya riga shi isowa ta WhatsApp. Kuma idan saƙon ya rikita gida, ba likita ake tambaya ba. Kai ake tambaya, kai da ka je makaranta kuma kake riƙe da waya. Inna za ta ce, "Kai da kake duba intanet, me ka gani a kan allurar nan?" Abin da ka faɗa a wannan lokaci yana iya zama dalilin da za a kai ƙaninka asibiti, ko a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki. Saboda haka ne na ga ya kamata mu tattauna wannan al'amari tsakaninmu, da ilimi da adalci.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: tambaya a kan abin da za a sa wa ɗanka a jiki haƙƙinka ce, amma wanda ya yi tambaya wajibi ne ya tsaya ya ji amsa, domin kuwa yaron da ake gardama a kansa amana ne, kuma ba shi da bakin da zai faɗi nasa.

Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ba adalci ba ne a kira iyayenmu jahilai don sun yi ɗari-ɗari. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kashe sama da mutum dubu goma sha ɗaya. Ana cikin wannan tashin hankali ne kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara ɗari biyu aka sa cikin gwajin, goma sha ɗaya suka rasu, wasu kuma suka tashi da naƙasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi kisan. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009, lokacin da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan dai maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba, amma a zuciyar uwar da ta rasa ɗanta wannan bambanci ba shi da nauyi.

Haka nan a 2011 ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fake da shirin rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad na Pakistan domin farautar Usama bin Laden. Ga kuma tambayar da talaka ya daɗe yana yi, wadda har yau ba a ba shi gamsasshiyar amsa ba: me ya sa ake biyo shi har ƙofar gida da ɗigo kyauta, alhali idan ya kai matarsa haihuwa asibiti sai ya sayi safar hannu da auduga?

Duk waɗannan gaskiya ne, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. To amma fa mai tsallen nan, idan bai duba inda zai dira ba, yana iya dira a kan macijin gaske. Mun taɓa yin irin wannan tsalle, mun kuma ga inda muka dira.

Darasin Shekarar 2003

A 2003 jita-jita ta bazu cewa an gurɓata ɗigon shan inna da maganin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Wasu jihohin arewa suka dakatar da shirin, Kano ce ta fi daɗewa, kusan shekara guda. Aka kafa kwamitoci, aka kai samfur ɗakunan gwaji a ciki da wajen ƙasa, daga ƙarshe gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba a watan Yuli na 2004, da maganin da aka sayo daga Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi.

Me ya faru a tsakani? Yaran da shan inna ya kama a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006. Ƙwayar cutar ta tsallaka iyaka, ta shiga ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita. Ta bi ta Chadi da Sudan, ta haye Bahar Maliya, a 2005 ta gurgunta ɗaruruwan yara a Yaman da Indunusiya. Dubi wannan abin mamaki, ya mai karatu: ƙasar da muka amince da maganinta saboda 'yan'uwantakar addini, ita ce cutar da ta taso daga wajenmu ta je ta samu. Yaran da suka gurgunce a wancan lokaci, 'ya'yan Musulmi ne mafi yawansu. A yau samari ne da 'yan mata, muna ganinsu a kan kekunan guragu a bakin danja da ƙofofin masallatai, kuma babu wanda ya shawarce su kafin a yanke hukunci a kan ƙafafunsu.

Zancen hana haihuwa kuwa, gani ya kori ji. Yaran da aka ɗiga wa maganin a 2004 sun girma, da yawansu sun yi aure sun haihu. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen arewa maso yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a matsakaici, adadin da ya fi na kowane yanki a Nijeriya, alhali nan ne aka fi zagayawa da ɗigon gida-gida. In da maganin hana haihuwa ne, da an ce bai yi aiki ba.

Jita-jitar ba ta tsaya a gurgunta yara kaɗai ba. A watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a wasu asibitoci biyu a Kano, akasarinsu mata masu neman abin sakawa a bakin salati. Duk da haka aiki bai tsaya ba. Sarakunan arewa, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sun shiga cikin lamarin tun 2009, hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai suka sa baki. An ga ƙarshen ƙwayar shan inna ta asali a Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Abin da ya kawo wannan nasara shi ne mutane sun ji bayani daga bakin waɗanda suka yarda da su.

Shin Rigakafi Ya Saɓa wa Tawakkali?

Wasu 'yan'uwa ba makirci suke tsoro ba. Cewa suke yi, yaro lafiyarsa ƙalau, don me za a nema masa maganin cutar da Allah bai ɗora masa ba? Ashe wannan ba gudun ƙaddara ba ne?

Wannan tambaya ta girme mu, kuma an amsa ta tun zamanin sahabbai. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham a zamanin halifancinsa, sai shugabannin runduna suka tarye shi a wani wuri da ake kira Sargu, suka gaya masa annoba ta ɓarke a ƙasar. Ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansaru, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, sannan ya yanke shawarar juyawa da jama'a. Abu Ubaida ɗan Jarrahi ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya amsa masa da cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya mai ciyawa, ɗaya busasshe: duk inda ya kora raƙumansa a cikin ƙaddara yake, amma mai hankali ya san inda zai kora su. Daga nan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya kuma hana na ciki fita. Lura da kyau, mutanen da Umar ya juya da su lafiyarsu ƙalau a wannan rana. Abin da ya yi rigakafi ne.

A zamaninmu an tambayi Shaikh Abdul'aziz bin Baz, Allah Ya jiƙansa, game da yin magani kafin cuta ta sauka, ya ce babu laifi, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon Madina da safe domin kariya. Game da abubuwan da ake haɗa wasu magunguna da su kuwa, malaman fiƙihu da likitoci Musulmi sun zauna a Kuwait a 1995, suka tattauna hukuncin abin da ya rikiɗe daga asalinsa ya zama wani abu dabam, abin da malamai ke kira istihala, suka tabbatar da tsarkinsa.

Sannan ga wata hujja da muke gani duk shekara. Babu maniyyacin da zai tashi zuwa Hajji daga Nijeriya ko Nijar ba tare da an yi masa allurar sanƙarau da ta shawara ba, domin hukumomin Saudiyya sun shar'anta haka. Ban taɓa jin wanda ya fasa sauke farali saboda tsoron wannan allura ba. Yaya uba zai miƙa nasa hannu don ya sami biza, sannan ya hana a taɓa na jaririnsa?

Me Sababbin Alluran Suke Yi, Me Kuma Ba Su Yi?

Mu ɗauki ta zazzaɓin cizon sauro, domin ita ce ta fi kusa da kowane gida. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen da wannan cuta ke kashewa a duniya 'yan Nijeriya ne, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Binciken ƙasa na 2021 ya gano ƙwayar cutar a jinin kusan rabin ƙananan yaran jihar Kebbi da aka gwada, shi ya sa aka fara da can. Kowannenmu ya san yadda asibitoci ke cika daga Agusta zuwa Oktoba, yara biyu ko uku a gado ɗaya, wannan na jijjiga, wancan ana nema masa jini.

Allurar da Nijeriya ta ɗauka sunanta R21. Masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka ƙirƙiro ta, ana sarrafa ta a Indiya, an gwada ta a ƙasashen Afirka da suka haɗa da Burkina Faso da Mali, hukumar NAFDAC ta amince da ita a watan Afrilu na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a watan Oktoba na wannan shekarar. Tana da 'yar'uwa da ta riga ta, RTS,S, wadda aka yi wa yara sama da miliyan biyu a Ghana da Kenya da Malawi daga 2019, aka kuma ga mace-macen yaran da suka isa karɓarta sun ragu da kashi 13 cikin ɗari. Kamaru ta shigar da ita cikin shirinta na yau da kullum a watan Janairu na 2024. Wato dai ba a kanmu aka fara ba.

Sai dai a nan dole a faɗi gaskiya gaba ɗayanta. Wannan allura ba ta hana zazzaɓi ɗari bisa ɗari. Tana rage kamuwa da fiye da rabi a shekarar farko, ta kai kusan kashi uku cikin huɗu idan aka yi ta dab da damina. Sau huɗu ake yin ta: yaro na wata biyar, da wata shida, da wata bakwai, sannan wata goma sha biyar. Wanda aka yi wa ɗaya aka daina, bai sami kariyar da ake magana ba. Kuma ba ta maye gurbin gidan sauro, ko maganin da ake raba wa yara wata-wata a lokacin damina, ko gaggawar kai yaro gwaji idan jikinsa ya yi zafi. Ya kamata a gaya wa iyaye wannan tun farko, domin idan aka ce musu zazzaɓi ya ƙare, ranar da yaron da aka yi wa allura ya kwanta, amana ta sake rushewa.

Ta sankarar bakin mahaifa ita ce ta fi jawo surutu, domin 'yan mata 'yan shekara tara zuwa goma sha huɗu aka fara yi wa a watan Oktoba na 2023, sai tsohon zancen hana haihuwa ya farfaɗo. Wannan sankara tana kama mata kimanin dubu goma sha biyu a Nijeriya a shekara, ta kashe kimanin dubu takwas, bisa ƙididdigar 2020. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma allurar ta fi amfani idan aka yi ta kafin yarinya ta haɗu da ƙwayar, shi ya sa ake yi tun kafin aure. Masu cewa wannan allura ta marasa kamun kai ce su ji tsoron Allah a kan mutuncin mata. Mace kamila tana iya ɗaukar ƙwayar a ɗakin aurenta daga mijin da shi ma ya ɗauka a wani auren da ya gabata, ba tare da ɗayansu ya sani ba. Malesiya, ƙasar da ake buga misali da ita wajen riƙo da addini da tsari, tana yi wa 'yan matan makaranta wannan allura tun 2010.

Akwai kuma abin da za ka ci karo da shi a intanet, gara ka ji shi a nan da bayaninsa. Ɗigon shan inna yana ɗauke da ƙwayar cuta da aka raunana. A unguwar da yara ƙalilan ne suka karɓa, kuma ga ƙarancin tsafta, wannan raunanniyar ƙwaya tana iya daɗewa tana yawo daga yaro zuwa yaro har ta sake yin ƙarfi, ta gurgunta wanda ba a yi wa rigakafi ba. Wannan ne dalilin ci gaba da zagayen gida-gida bayan 2020. Inda kusan kowane yaro ya karɓa, ƙwayar ba ta samun wurin yawo. Haka nan ɗan zazzaɓi ko kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu abu ne sananne, alama ce ta garkuwar jiki tana aiki. Idan abin ya wuce haka, a koma asibiti a ba da rahoto.

Inda Gizo Ke Saƙa

Muna ta gardama a kan sababbin allurai, alhali tsofaffin ma ba su isa ga yaranmu ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta 2023 ta nuna yara sama da miliyan biyu a Nijeriya ba a yi musu ko allura ɗaya daga cikin na yau da kullum ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa a wannan shekarar, kuma kaso mai yawa a arewa suke.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma zuwa farkon 2025 ta kashe sama da mutum dubu a faɗin ƙasa, mafi yawansu yaran da ba a kammala musu rigakafi ba. Mashaƙo na cikin cututtuka biyar da allurar sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu ke karewa, tare da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da ciwon hanta. Kyauta ake yin ta. Cuta ce da likitocin wasu ƙasashe ke gama aiki ba su taɓa ganin ta ba, mu kuwa muna binne yara saboda ita.

Ba duk wanda bai kai ɗansa ba ne ya ƙi. Wata uwar asibiti ya yi mata nisa, wata ta je an ce sai ranar Talata, wata an daka mata tsawa ta rantse ba za ta koma ba, wata maigida bai ba ta izini ko kuɗin mota ba, wasu kuma 'yan bindiga sun raba su da garuruwansu. Wannan nauyi yana wuyan hukuma. Shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo: firjin da babu wuta, ma'aikacin da ba a biya ba, asibitin sha-ka-tafi da ya koma ɗakin awaki.

Sannan mu tambayi kanmu, har yaushe za mu dogara da taimakon waje? Kaso mai tsoka na kuɗin waɗannan allurai daga ƙawancen Gavi yake fitowa, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da janye tallafinta ga wannan ƙawance. Nijeriya ta taɓa sarrafa allurar agana da ta shawara a Yaba da ke Legas, har aka rufe wurin a 1991. Senegal tana yin ta shawara a Dakar, Indunusiya tana sayar wa duniya ɗigon shan inna. Imamu Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, ya kuma koka da yadda ɗaliban zamaninsa suka yi masa riƙon sakainar kashi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Matashin da ke zargin abin da ke cikin kwalba, hanya mafi inganci gare shi ita ce ya karanci ilimin haɗa magunguna, ya shiga ɗakin gwaji, ya zama shi ne mai tantancewa.

Kammalawa

Ya ɗan'uwa, ya 'yar'uwa, Allah Ya umarce mu a cikin Suratul Hujurati da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da wasu cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma gargaɗe mu cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi ƙarya. Danna maɓallin turawa faɗa ne. Kafin ka tura saƙon muryar da ba ka san mai shi ba, tambayi kanka: wane ne wannan, a ina ya yi karatu, kuma idan yaro ya mutu saboda maganarsa, a ina za a same shi?

Ga ɗan aikin da nake roƙon kowa ya yi a wannan mako. Ka nemi katin rigakafin ƙaramin yaron da ke gidanku, ɗanka ne ko ƙaninka ko ɗan yayarka, ka duba layin da ba a cike ba. Idan akwai, ka yi wa mahaifinsa magana cikin ladabi, ka raka uwar asibiti in da hali. A can ka yi duk tambayar da ke ranka: sunan allurar, cutar da take karewa, abin da zai iya biyo baya, da ranar dawowa. Matambayi ba ya ɓata. Idan ka ji amsa, ka kawo ta gida kamar yadda ka ji ta, ba ragi ba ƙari.

Allah Ya raya mana zuriya cikin imani da ƙoshin lafiya, Ya jiƙan yaran da suka riga mu, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya shiryi shugabanninmu su riƙe amana. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.